Aikin da Za Ka Nuna Ranar Neman Aiki: Jagora ga Ɗaliban Injiniya a Sudan

Ranar da muka kare aikinmu na kammala jami'a, wanda a nan muke kira mashru'in takharruj, na'urarmu ba ta ba mu kunya ba. Mun shigo da tukunya cike da ƙasa, muka soka ƙarafa biyu a ciki. Ƙasa ta bushe, ɗan famfo ya tashi da kansa, ta jiƙe, ya tsaya. Malamai suka gyaɗa kai, muka sami maki mai kyau, aka yi hotuna. Bayan sati biyu na ɗauke ta na kai hawashar wani kawuna, wato gonarsa ta ban-ruwa, kusa da garin Mai Wurno, ina ji da kaina. Ko kwana goma ba ta yi ba. Ƙarafan suka cinye saboda wutar da ke bi ta cikinsu dare da rana a cikin damshi, akwatin robar ya lanƙwashe a rana, tururuwa suka yi gida a kan allon. Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Bashmuhandis, babban injiniya, to ko mu koma wa fartanyarmu?" Da dariya ya faɗa, amma har yau maganar ba ta bar kunnena ba.

Yanzu ni ma nakan zauna cikin masu tantance sababbin injiniyoyi idan za a ɗauki ma'aikata a harkar famfunan ban-ruwa da sola. Takardun duk kamarsu ɗaya: shekara biyar a jami'a, jerin darussa, AutoCAD da MATLAB a ƙasan shafi. Abin da ke raba mutum da ɗan'uwansa tambayoyi huɗu ne. Me ka taɓa haɗawa? Wa ya yi amfani da shi? Wata nawa ya yi yana aiki? Me ka auna? Da yawa a tambaya ta biyu suke tsayawa.

Na san halin da kuke ciki, ƙannena. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, jami'o'in Hartum suka watse, daga baya ta Jazira da ke Madani ita ma abin ya iso ta, ɗakunan gwaji da dama aka kwashe kayansu, karatu ya koma ta waya, jarrabawa kuma a wasu garuruwa. Akwai waɗanda za su karɓi shahada hannunsu bai taɓa injin gwajin kankare ba. Wannan ba laifinku ba ne. Sai dai duk inda ka juya yanzu akwai abin da ya lalace yana jiran mai gyara, kuma ɗalibin da ya san yadda zai mai da wannan gyaran hujja a rubuce ya riga abokansa nisa.

Nemo matsalar a bakin mai ita

Kuskurena na farko shi ne na zaɓi aiki daga abin da na gani a YouTube, sannan na fita neman wanda zan ɗora wa. Kai ka juya abin. Ka ware sati biyu kana yawo da littafi ba tare da ka zana komai ba. Zauna da mai hawasha, da mai injin niƙa, da mai sayar da ƙanƙara, da mai kula da donki inda ake ɗiban ruwa, da ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin ƙauye. Kada ka ce musu, "Me kuke so in ƙera muku?" Kunya za ta sa su ce duk abin da ka kawo Allah ya sa albarka. Tambaye su abin da ya fi cin musu kuɗi a wata, da abin da ya lalace na ƙarshe, da kwanakin da aka yi kafin a gyara. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

A nan muna da wata dama da ba kowa ke lura da ita ba. Mu da kakanninmu suka sauka a gaɓar Bahar Azrak, wato kogin Blue Nile, bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar aikin hajji ta ajiye a Gadarif da Kasala da Bur Sudan, manomi zai gaya mana da Hausa, a kan tabarma, abin da ba zai gaya wa baƙon injiniya mai farar mota ba. Zai faɗa maka gaskiyar man da yake ƙonawa, da bashin da ke kansa, da dalilin da ya sa ya cire na'urar da wata ƙungiya ta kafa masa. Kuma yankin cike yake da aikin injiniya. Madatsar ruwan Sinnar tun 1925 take shayar da Jazira, filin da ya haura fadan miliyan 2 idan aka haɗa da Managil, kuma laka tana cike magudanansa kowace damina, tun daga manyan da ake kira tur'a har zuwa ƙaramar da ake kira Abu Ishirin, da ke kai ruwa bakin hawasha. Baƙar ƙasa tana tsaga gidaje. Habub, wato guguwar ƙura, yana rufe fanel ɗin sola. Wutar da ake jira daga Marawi, tashar da aka buɗe a 2009 mai megawat 1,250, ba kullum take isowa ba.

Cikin matsalolin da ka tara, ɗauki wadda za ka iya kai wa da ƙafa ko da raksha (keke mai ƙafa uku), wadda za ka gama zubinta na farko cikin sati shida, wadda kuɗinta idan ya salwanta ba za a yi zaman makoki a gidanku ba, kuma wadda sakamakonta zai fito da lamba: lita, digiri, awa, ko fam. Gwaji na ƙarshe shi ne ka tambayi kanka ko akwai wanda ransa zai ɓaci idan ka zo ka cire abin bayan wata uku. In babu, sake zaɓe.

Shiga warsha

Kafin ka sayi ko waya ɗaya, nemi usta, wato ƙwararren ubangidan sana'a, a unguwar masana'antu ta garinku ka manne masa, ko da yini biyu ne a sati. Ka tafi ta hannun wanda ya san shi, ka gaida shi yadda ya kamata, ka share wuri idan yara suna shara, ka sayo shayi wata rana. Kada ka gyara masa lissafi a gaban yaransa ko da ka tabbata ya yi kuskure. Bari sai kun keɓe, ka ce, "Usta, a nuna mini yadda aka samo wannan, ni nawa ya fita daban." Sau da yawa za ka tarar shi ne da gaskiya, domin ya saka abin da littafinka bai ambata ba.

Abin da za ka ɗauko a wurinsa: karanta farantin da ke jikin motar lantarki, wato abin da ke juya famfo, ka gane abin da kowace lamba ke nufi, matse kan waya yadda ba zai yi zafi ba, walda mai riƙewa, naɗin mota, cire iska daga bututun tsotso, da gane ciwon inji daga ƙararsa. (Ɗan Najeriya da ya ziyarce mu ya taɓa rikicewa da ya ji ana cewa babur ya ƙi ɗaga ruwa. A wurinsu babur abin hawa ne, a nan kuwa injin dizal ne da ke bakin kogi.) Kai ma kana da abin bayarwa. Littattafan inbata, na'urar da ke mai da wutar fanel irin wadda famfo ke sha, da Turanci suke zuwa, kuma usta da yawa suna saita su ne da gwaji da ƙaddara. Karanta masa, rubuta masa takardar farashi a Excel, zana masa abin da yake kwatanta wa kwastoma da hannu. Nan da wata biyu shi zai riƙa kiranka idan aiki ya fito.

Ƙanwata, ke ma wannan matakin naki ne. Ku tafi ku biyu, ta hannun wani babba a gida, kuma shagunan sola da na gyaran waya da ɗakunan gwajin ƙasa sun fi sauƙin shiga a farko.

Auna kafin ka taɓa komai

Nan zan daɗe, domin nan ne ɗalibi ke zama injiniya. Bari mu ɗauki aikin da aka fi nema yanzu: manomi yana so ya bar babur ya koma famfon sola.

Fara da ruwan da yake buƙata. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, saboda haka ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan fadan ɗaya mita kubik 4.2 ne, wato lita 4,200. A ce shukarsa tana shan milimita 7 a yini lokacin zafi. Ka sami mita kubik 29.4. Wani ruwan zai nutse a magudana, wani rana ta sha, don haka mu ce 40 a yini. Kada ka tsaya a lissafin takarda. Je ka auna abin da baburinsa ke bayarwa yanzu: ɗauki jarka mai lita 20 da agogon wayarka. In ta cika cikin daƙiƙa 12, ruwan lita 1.67 ne a daƙiƙa, wato mita kubik 6 a awa. Maimaita sau biyar ka ɗauki matsakaici. In ruwan ya fi ƙarfin jarka, yi da barmil mai lita 200. Sannan ka tambaye shi awa nawa yake kunnawa a yini. Idan lambarka da tasa sun yi hannun riga, akwai abin da ba ka gane ba tukuna, kuma gara ka gano shi yanzu.

Sai tsayin da za a ɗaga ruwan. A nan ne kusan kowane sabon shiga yake faɗawa rami. Yakan zura igiya a rijiya da safe, ya auna inda ruwa yake, ya tafi. Amma da zarar famfo ya fara ja, ruwan yana sauka, wani lokaci da mita da yawa. Dole ka auna yayin da ake ja, bayan awa ɗaya ko biyu, lokacin da ya daina sauka. Waya mai harshe biyu da ƙaramin ƙarfe a ƙarshenta, haɗe da multimita, ta isa: da ta taɓa ruwa za ka ga allura ta motsa. In daga kogi ake ja, tambayi tsofaffi inda ruwa ke komawa a ƙarshen rani, domin Bahar Azrak na watan Agusta da na watan Afrilu kamar koguna biyu ne. A ce ka sami mita 14 ana cikin ja, da mita 3 daga bakin rijiya zuwa inda ruwan zai zuba, da mita 3 na gogayyar ruwa da bututu. Jimla 20. Gogayyar nan ka lissafa ta da jadawalin bututu, kada ka ƙiyasta, domin siririn bututu mai tsawo yana iya cinye fiye da haka nesa ba kusa ba.

Yanzu lissafin da ya kamata ka haddace kamar lambar wayarka: mita kubik a yini, sau tsayi da mita, a raba da 367, yana ba ka kilowat-awa da ruwan kansa yake buƙata. 40 sau 20 ya ba da 800, a raba da 367, ka sami 2.18. Famfo da mota ba sa miƙa wa ruwa duk wutar da suka sha. In muka ce kashi 45 cikin ɗari ne ke isa, ana buƙatar kilowat-awa 4.84. Tsakiyar Sudan tana samun kwatankwacin awa 6 na cikakkiyar rana a yini, kuma za ka iya duba na garinku kyauta a Global Solar Atlas ko NASA POWER. Fanel kuwa ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa, domin a zafin digiri 25 aka gwada shi. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kimanin kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin ɗari, kuma fanel a ranar Sinnar yana iya kaiwa digiri 65, ka ga an yi asarar kusan kashi 15 tun ƙura ba ta sauka ba. Haɗa da ƙura da wayoyi, ka bar kashi 75. To, 4.84 a raba da 6 sau 0.75, wato 4.5, ya ba da kilowat 1.08.

Fanel biyu masu wat 550 sun kai wat 1,100, wato kilowat 1.1, a takarda sun isa. Ni dai uku zan saka, saboda ranakun hazo, kuma saboda na san manomi: da ya ga ruwa kyauta zai ƙara rabin fadan na albasa. Amma ka duba bolt ɗin da inbatar famfon ke buƙata kafin ta tashi, don wani lokaci shi ne zai yanke maka yawan fanel da za ka jera, ba wat ba. Ka fuskantar da su kudu, ka karkata su kimanin digiri 15 a yankin Sinnar da Madani da Hartum, ka ɗan ƙara a Bur Sudan. Kwantar da su shimfiɗe yana tara ƙura.

Ko da ba ka da kuɗin sayen fanel ɗaya, wannan awon da lissafin aiki ne cikakke. Yi wa manoma biyar, ka kwatanta abin da masu shago suka sayar musu da abin da ya kamata. Za ka ga wanda aka ɗora wa famfon da ya ninka buƙatarsa, da wanda aka ba siririyar waya tana zafi kamar dutsen guga. Rahoton da ke ɗauke da rijiyoyi biyar na gaske a wurina ya ninka darajar na'urar da ta yi rawa ranar baje koli sau goma.

Haɗa shi da muni, ka bar shi, ka dawo

Zubi na farko kada ka ɓata lokaci wurin ƙawata shi. Haɗa, kai wurin, bar shi a hannun mai shi, ka tafi. Kada ka tsaya kana lallashinsa kamar jinjiri. Ka dawo bayan kwana uku, bayan sati, bayan wata, kowane zuwa ka auna abu ɗaya da hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Abin da ya lalace ka ɗauki hotonsa kafin ka taɓa.

Da na koma wa na'urata, na sauya ƙarafan da irin ma'aunin damshin da ke rufe, wanda wuta ba ta taɓa ƙasa ta cikinsa, na sa Arduino, ƙaramin allon da ke sarrafa na'urar, ya riƙa kunna shi daƙiƙa kaɗan a kowace awa maimakon dare da rana, na mai da allon cikin akwatin ƙarfe a inuwa, na toshe ramukan waya. Ta yi damina guda. Sai kuma na gano abin da ya fi duka zafi: kawu ba ya buƙatarta. Ya san ƙasarsa da tafin ƙafarsa. Abin da yake so shi ne wani abu da zai kashe famfo idan ruwa ya janye daga bakin bututu, don kada ya yi ta juyawa a bushe ya ƙone. Aikin yini biyu ne, kuma shi ne maƙwabtansa suka zo suna tambaya.

In kai ba na lantarki ba ne

Ɗan sashen gine-gine, baƙar ƙasar Jazira da Gadarif ɗakin gwaji ce da ba ta rufewa. Tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta ɗaga harsashi ta sauke. Zaɓi gidaje goma masu tsaga a unguwarku, da izinin masu su, ka sa alama a gefe biyu na kowace tsaga, ka riƙa auna faɗinta duk sati biyu daga rani har bayan damina. Rubuta zurfin harsashin, da nisan bishiya, da inda ruwan wanka ke zuba. Sannan ka yi gwajin kumburi mai sauƙi: busar da ƙasa, ka tankaɗe ta da rariya mai ido maikron 425, ka auni mililita 10 ka zuba a hankali cikin kwalbar awo mai mililita 100 da ruwa a ciki, ka bar ta awa 24. In ta kai mililita 20, kumburinta kashi 100 ne cikin ɗari, kuma irin wannan ƙasar tana wahalar da ƙananan gine-gine. Ƙasa da kashi 50 ba kasafai take ta da hankali ba. In kuma ka sami shiga wurin gini, nemi a bar maka gwajin zubewar kankare da mazubin nan mai tsayin milimita 300, da zuba kubik masu milimita 150 da ake fasawa a kwana 7 da kwana 28. Tsaya kusa da mai kwaɓa ka ƙirga bokitin ruwan da yake ƙarawa idan ya ga injiniya ya juya baya. A nan za ka gane dalilin da ya sa sakamako ke faɗuwa.

Gwajin ƙura kuma kowa zai iya: fanel biyu iri ɗaya gefe da gefe, ɗaya ana goge shi duk sati, ɗaya a bar shi, a auna amfiyarsu kullum da tsakar rana har wata biyu. Yi hattara, yawancin multimita amfiya 10 ne iyakarsu, babban fanel mai wat 550 kuwa yana ba da kusan 14. Yi da ƙananan fanel ko da mitar da ake matsawa a jikin waya.

Ɗan kanikanci, ga tulu cikin tulu: zir ƙarami a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, rigar tsumma a sama. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabarar, kuma ta shigo Sudan ana adana kayan miya da ita. Auna zafin ciki da na waje duk awa, ka sauya kaurin yashi, ka gwada a inuwa mai iska da cikin ɗaki. Ka kuma gwada a Bur Sudan in ka samu dama, ka ga yadda damshin teku ke kashe mata ƙarfi. Ɗan sashen sinadarai kuwa, tun da aka ayyana ɓarkewar kwalara a Agustan 2024 aikin ruwan sha bai ƙare ba. Koyi auna ragowar kulorin, wanda ake so ya kai miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ya gaza 0.2 a inda ake ɗiba. Bi ruwan daga donki zuwa barmil ɗin mai karo, wato amalanken jaki, zuwa zir na gida ka ga inda yake ɓacewa.

Ranka ya fi maki

Fanel da aka jera da yawa suna kai bolt ɗari-ɗari, kuma ba su da makunni: muddin akwai rana akwai wuta. Kada ka zare mahaɗinsu ana cikin jan wuta. Batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa idan ana caji, don haka ban da sigari ko walda kusa da shi. Kada ka shiga rijiya, ballantana wadda aka kunna inji a cikinta ko a bakinta, hayaƙin yana kisa ba tare da wari mai gargaɗi ba. A gine-ginen da yaƙi ya ratsa, duk ƙarfen da ba ka gane ba kada ka taɓa, ka sanar da hukuma. Kuma duk abin da rai ya rataya a kansa, rufin kankare ne ko wutar asibiti, sai injiniya mai rajista ya duba ya sa hannu, kai kana gefensa.

Kuɗi da abokan aiki

Ku yi ku uku. Biyu sukan yi faɗa ba mai raba su, biyar kuma biyu ne ke aiki uku suna jiran hoto. Ku rubuta tun ranar farko wa ke da alhakin me, wa ya ba da nawa, kuma kayan na wa za su zama a ƙarshe. Mai amfani da abin shi ma ya sa wani abu, ko da bututu ne ko abincin rana, domin abin da aka samu kyauta ba a cika ba shi inuwa ba. Manhajoji kuwa akwai na kyauta da suka isa: EPANET don bututun ruwa, QGIS don taswira, KiCad don allon lantarki, FreeCAD don zane, Python don lissafi. Ɗaya ka iya sosai a kan aikinka na gaske.

Mai da shi hujja

Sayi littafi mai ɗinki, ka sa wa shafukansa lamba, ka rubuta da biro. Kowane shiga da kwanan wata, wuri, abin da ka auna, da me ka auna, da abin da ya ba ka mamaki. Kuskure ka ja masa layi ɗaya, kada ka yage. Wata yarinya ta taɓa zuwa mana neman aiki, makinta tsaka-tsaki. Da aka tambaye ta abin da ta taɓa yi, sai ta ciro littafi duk shatin laka, ta buɗe shafin da ta rubuta cewa lissafinta na farko ya kuskure da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda ta auna rijiya ba a cikin ja ba, ga kuma gyaran a shafi na gaba. Babban injiniyanmu ya juya shafi uku, ya rufe, ya ce, "'Yata, yaushe za ki iya farawa?"

Daga littafin ka fitar da shafi ɗaya tak ga kowane aiki: matsalar a layi biyu, lambar kafin da ta bayan, zane ɗaya, hoto biyu, kuɗin da aka kashe, abin da ya lalace da yadda ka gyara, da ainihin ɓangaren da kai ka yi. Yi shi da Larabci da Turanci, domin kamfanonin gida da ƙungiyoyin agaji ba harshe ɗaya suke karantawa ba. Roƙi mai amfani da abin, ko usta, ko kwamitin unguwa, su rubuta maka layi uku cewa abin yana aiki tun wata kaza, su sa hannu. In malaminka ya yarda, wannan aikin shi zai zama mashru'inka na takharruj, ka shiga ɗakin karewa da bayanan wata shida a hannu.

Da ka kammala, yi rajista da Majalisar Injiniyoyi ta Sudan ba tare da jinkiri ba, domin daga matakin sabon injiniya ake hawa zuwa ƙwararre sannan mai ba da shawara, kuma da shekarun aiki na rubuce ake hawan. Masu hangen Saudiyya su sani can ma sai da rajistar hukumar injiniyoyinsu, kuma suna neman shaidar gogewa mai hatimi, don haka duk inda ka yi aiki, ko na wata uku ne, karɓi takarda kafin ka bar wurin. Kamfani yakan rufe, mai sa hannu yakan yi ƙaura.

Kuma tunda mun ga yadda mutum ke barin gida da rigar jikinsa kawai, duk ranar Juma'a ka ɗauki hoton sababbin shafukan littafinka da takardunka, ka tura wa kanka ta imel, ka kuma tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari.